Kira Ukun Da Auta Ta Goge

Auta ta ɗebi shayi a cokali, ta hura, ta kai bakin Baba. Rabi ya wuce, rabi ya gangaro ta gefen bakin da ya karkace, ta tare shi da tawul tun bai kai wuyan riga ba. Wata biyu ke nan kullum safiya wannan ne aikinta, har ta zama gwana. Ta san yadda ake tallafo kafaɗarsa ta dama wadda ta daina motsi, ta san filo nawa bayansa yake so, ta san in ya ɗaga yatsa ɗaya ya ƙoshi ke nan. Abu guda ne har yau ya gagare ta, wato kallon tsakiyar idonsa. Sai dai ta kalli haɓarsa, ko kunnensa, ko maɓallin rigarsa na sama.

Anti, matar yayanta, ta yi sallama da robar ruwan ɗumi a hannu. Yaya na zaune a bakin gado yana ɗaura agogo zai fita aiki, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Ajiye nan ki fita."

"Ƙafarsa zan gasa masa, a asibiti sun ce..."

"Na ce ki ajiye. Ranar da yake buƙatarki ai ba a gan ki ba."

Baba ya shiga bugun katifa da hannun hagu, yana wani gurnani da ba a tsintar komai a cikinsa. Yaya ya nuna shi da baki. "Kin gani ko? Ko ganinki ba ya son yi."

Anti ta ajiye robar ta fita tana share ido da gefen mayafi. Auta kuwa ta kau da kai, don duk gidan ita kaɗai ta san abin da bugun katifar nan yake nufi, ta kuma san ba don Anti ake yin sa ba.

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shekara talatin da biyu ya yi yana ware wasiƙu. Da ya yi ritaya, Mama kuma ta rasu, sai ya rungumi wata 'yar waya mai maɓallai, ya sa aka ɗora masa lambar Auta a kan maɓalli na ɗaya. Dannewa kawai zai yi kira ya tafi. Daga ranar Auta ta yi ban kwana da hutu. A wuni sai ya kira ta sau goma tana shagon ɗinkin da take aiki.

"Mamana, ina tabarauna?"

"Taɓa kanka, Baba."

"Au. To, Allah ya yi miki albarka."

In ba tabarau ba, batirin rediyo. In ba batir ba, ya ga hadari, ta tafi da lema kuwa? Abokan aikinta har cewa suke Baba ne saurayinta na farko, Kafinta na biyu ne kawai. Kafinta wani dogon saurayi ne mai fensir a bayan kunne da ƙurar katako a gira, mai maganar sanyi, wanda a lokacin saura wata huɗu ya aure ta.

Ranar wata Talata da hantsi Anti ta kira ta. An bugo daga makaranta cewa 'yarta na amai, dole ta je ta ɗauko ta.

"Baba na kwance yana jin rediyo. Don Allah ki bar wayarki a kusa, ko zai nemi wani abu."

"Ba komai Anti, je ki abinki."

Ko minti goma ba a yi ba Kafinta ya kira. Auta ta maƙala iyafis a kunne, ƙafa na kan keke, baki har kunne. Kantocin kicin ɗin gidan da za su zauna yake haɗawa, wai so yake ta faɗa masa tsayinta na gaskiya, ba na takalmi mai tsini ba, kada ya kafa kanta inda sai ta hau kujera za ta ɗauko gishiri. Suna cikin dariya sai ta ji ɗan ƙaran nan, ƙit-ƙit, alamar wani kiran na son shigowa. Ta leƙa. Baba ne.

"Baba ke kira. Na san tabarau ne."

"Minti biyu kawai, bari in ƙarasa miki," in ji Kafinta.

Ƙaran ya sake zuwa, ya kuma sake. Minti biyun masoya ya zama minti arba'in. Da ta kira Baba daga baya, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba, ta ce a ranta ya yi barci ne. Anti ce ta dawo ta tarar da shi yashe a ƙofar banɗaki, wayar na gefen hannunsa.

A asibiti wata nas ta miƙo wa Auta leda: hular Baba, agogonsa, da wayar. Likita yana gefe yana tambayar Yaya tsawon lokacin da tsohon ya yi a kwance, don irin wannan ciwon kowane minti yana da daraja. Auta ta koma lungun baranda ta buɗe wayar. Ga su nan, kira uku a jere, duk sunanta. Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarta. Yatsanta ne ya goge su, ɗaya, biyu, uku, sannan ta goge na tata wayar. Da Yaya ya karɓa ya duba ko Baba ya nemi wani, bai ga komai ba, sai ya juya kan matarsa.

"Kika bar tsoho mai hawan jini shi kaɗai, ko waya bai samu ya yi ba?"

Anti ta kalli Auta. "Ai na gaya wa Auta..."

"Auta na shago. Ke aka bar wa gida."

Auta ba ta ce uffan ba. Baba ya farfaɗo babu magana, aka ba shi biro ya gwada da hagu, sai zane kawai yake fitowa. Shirun da ta yi na rana ɗaya ya zama na mako, ya zama na wata, kullum yana ƙara nauyin da ba za a iya ɗaga shi a faɗa ba.

Mai laifi ba ya rasa aikin yi. Auta ta ɗauki jinyar Baba kacokan ta aza a kanta, wanki, shara, juyi, magani, ko Anti ta miƙo hannu sai ta ce bar shi. Dangi suka yi ta sa mata albarka, kowace albarka kuma ji take kamar an ɗiga mata ruwan zafi. Abinci ya daina wuce mata. Rigunan da ta ɗinka wa kanta suka koma kamar na aro. A shago ta yanka hannun riga biyu duk na hagu, abin da ko tana 'yar koyo ba ta taɓa yi ba. Wayarta kuwa ta kashe mata murya ta jefa ƙasan jaka, musamman don kada ta ga sunan Kafinta.

Shi kuwa bai daina zuwa ba. Da ya ji an ce Baba zai fara koyon tsayuwa, sai ya zo da katako da awo, ya fara kafa masa madogara a jikin bango, daga bakin gado ta bi baranda zuwa banɗaki. Duk ranar da ya tashi aiki da wuri sai ya zo ya ƙara taku biyu ko uku. Wata la'asar Auta ta kawo masa ruwa, ta dire kofi za ta juya.

"Yau kwana goma sha tara ba ki ɗauki wayata ba," ya ce, yana goge hannu a wando. "Ina ƙirgawa."

"Ba ni da lokaci."

"Auta, dube ni mana. Kin ga yadda kika koma?"

"Dama ina son magana da kai. A fasa kawai. Ka nemi wata."

Ya zare fensirin kunnensa, ya juya shi, ya mayar. "Ni na ce miki minti biyu. Kin zaci na manta? Kowace ƙusa na buga a bangon nan sai na ji muryata tana faɗin haka. Amma korata ba za ta tayar da Baba ba."

"Muryarka ce ba na son ji," ta faɗa, hawaye na zubowa. "Da na ji ta sai in ji ƙaran nan a bayanta. Ina dariya, yana ƙasa yana kirana. Ta yaya zan sa kayan amarya in yi murna? Da wane baki?"

"Su Yaya me suka ce da kika gaya musu?"

Ta juya masa baya. Ya sake tambaya. A hankali, kamar mai tofar da ƙaya, ta ce, "Na goge kiran. Ba wanda ya sani."

Kafinta ya daɗe yana kallon ƙofar kicin, inda ake jiyo motsin Anti da tukwane. "Matar nan fa, Auta? Wata biyu tana shan abin da ba ita ta dama ba."

"Za ka faɗa?"

"Ba maganata ba ce, taki ce. Amma in aka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Batun fasawa kuma, ban ji ba. Ina nan." Ya ɗauki gudumarsa ya koma bakin aiki, ita kuma ta shige ɗaki ta toshe baki da filo.

Sau biyu a mako take kai Baba asibiti wajen masu motsa gaɓɓai. Ranar Alhamis tana zaune a benci tana jiran a fito da shi, wata mata a gefenta na waya a buɗe kowa na ji, sai ga ƙaran nan daga wayar matar, ƙit-ƙit. Auta ta ji ƙirjinta ya ƙulle. Numfashi ya ƙi shiga, yatsunta suka sandare, zufa ta keto mata, ta tabbata yau mutuwa ce ta zo. Da aka auna ta aka ce zuciya lafiya lau, jini lafiya lau. Nas ɗin da ta riƙe ta ta ce ta biyo ta, ta kai ta wani ƙaramin ofis a ƙarshen baranda, inda wata dattijuwar likita take zaune da filas ɗin shayi a kan tebur. Auta ta karanta allon ƙofar, ta ga sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ne, ta ja da baya.

"Ni fa ba taɓuwa na yi ba."

"Wa ya ce kin taɓu?" in ji Dakta, tana zuba shayi a kofi biyu. "Wanda haƙori ya hana shi sakat ya je wurin likitan haƙori, sai a ce me? Ke rai ne yake miki ciwo, ni kuma aikina ke nan. Zauna, 'yata. Ja iska ta hanci, a hankali, ki ƙirga huɗu. Sake ta ta baki, ki fi daɗewa. Yawwa. Abin da ya same ki a benci tsoro ne ya cika ya tumbatsa. Yana da muni, amma yana wucewa."

Ba a ranar ta faɗa ba. Sai a zuwa na biyu, bayan Dakta ta tambaye ta yaushe rabon da ta ci abinci ta ƙoshi, kawai sai bakin ya ɓalle. Ta faɗi komai, har da kantocin kicin. Dakta ba ta zaro ido ba, ba ta yi salati ba, tura mata kwalin tishu kawai ta yi.

"Lokacin da wayar ke ƙara, kin san ya faɗi?"

"A'a."

"Da kin sani fa?"

"Ko takalmi ba zan tsaya sawa ba."

"To. Kaya biyu kika haɗa kika ɗaure wuri ɗaya, shi ya sa suka gagare ki ɗauka. Na farko, ba ki ɗauki waya ba. Kuskure ne, mai ciwo, za ki yi kukansa, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce da kin ɗauka ba abin da zai canza ba. Ban sani ba, ba kuma wanda ya sani. Wannan ya wuce, hannunki ba ya kai wa gare shi. Na biyun shi ne shirun. Shi bai wuce ba, kullum da safe sabo kike yi."

Auta ta sunkuyar da kai.

"In tambaye ki. Yunwar da kike gana wa kanki, da korar yaron nan, sun rage wa Anti hawaye ko ɗigo ɗaya?"

"A'a."

"Horo kike wa kanki, kina ce masa tuba. Horo ba ya gyara komai, cinye mutum kawai yake. Ki je ki ci abinci, ko ba daɗi. Ki bar wani ya karɓe ki jinya ko na awa biyu. Ga takarda, ki rubuta abin da za ki gaya musu, kalma biyar ma ta isa. Ranar da za ki faɗa ke za ki zaɓa, amma kada ki jira sai tsoro ya tafi, ba zai tafi ba."

Takardar ta kwana tara a aljihun jakarta. A rana ta goma, Asabar da safe, ta fito daga ɗakin Baba da kwanon wanke hannu ta tarar da akwati a tsakar falo. Anti na durƙushe tana cusa kayan 'yarta a ciki, idonta ya kumbura. Yaya na tsaye ya harɗe hannu.

"Ta je gidansu ta huta," ya ce wa Auta. "In na neme ta, to."

Anti ta ɗago. "Auta, maganin Baba na rana yana saman firij, na ware miki. Ki yafe ni in na taɓa ɓata miki."

Wannan neman yafiyar ce ta karya ta. Kwanon ya suɓuce, ruwa ya malale a kan leda. Ƙirjinta ya fara ƙullewa, ta ja iska, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta sake. Ko takardar ba ta tuna da ita ba.

"Yaya, Baba ya kira. Sau uku ya kira ni. Ina waya da Kafinta ban ɗauka ba. Ni na goge a asibiti."

Yaya ya sauke hannayensa, ya juyo gare ta.

"Me kika ce?"

Ta maimaita, wannan karon da ƙarfi, don na ɗaki ma ya ji. Anti ta zauna daɓas a kan akwatin. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Kina kallo, Auta. Kullum kina tsaye kina kallo." Ta tashi ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa.

Yaya kuwa ya zazzage mata tas. Ya kira ta maƙaryaciya, ya kira ta munafuka, ya ce soyayyar da ta kwantar masa da uba ba za ta zama aure ba muddin yana numfashi, kuma in ya sake ganin ƙafar wannan mai guduma a gidan sai ya karya ta. Auta ba ta kare kanta ba. Da ya gaji ya fita, ta rarrafa ɗakin Baba ta durƙusa a gaban gado, kanta a ƙasa.

"Baba, ka ji. Ka daɗe da sani ma. Ka yafe mini."

Hannun hagu ya sauko a kanta, ya lalubo haɓarta, ya ɗaga. Ta so ta kauce, ya riƙe da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Karo na farko cikin wata biyu da rabi ta kalli idon ubanta. Ta sha zana fushin da za ta gani a ciki, amma ba ta same shi ba. Hawaye ne kawai, da irin kallon da yake mata tana ƙarama in ta faɗi ta ƙuje gwiwa. Ya saki haɓar, ya nuna kwanon burodi da ƙwai da ta kawo masa, ya nuna bakinta. Sai da ta cinye yana kallo sannan ya lumshe ido.

Kada mai karatu ya zaci daga nan komai ya zama zuma. Anti ta kwance akwati, amma mako uku gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Auta ba ta matsa mata ba. Duk dangin da suka taɓa jin an zagi Anti, ɗaya bayan ɗaya ta kira su da bakinta ta gaya musu gaskiya, wasu suka yi mata faɗa, wata gwaggo ta kashe waya a kunnenta. Ta ci gaba da zuwa wurin Dakta duk Alhamis. Wata rana tana yanka albasa Anti ta zo ta karɓe wuƙar.

"Kawo, kafin ki yanka yatsa. Ban huce ba fa, kada ki ɗauka na huce."

"Na sani, Anti."

"To matsa ki ba ni wuri." Suka yi girkin tare.

Kafinta ya bi umarnin Yaya, bai sake taka gidan ba. Saƙo ɗaya yake turo mata kowace safiya: kin karya? Da farko ba ta amsawa, daga baya ta fara tura masa "e", daga baya "e, kai fa?" Ranar da ta iya ɗaukar kiransa, sai da ta ƙirga huɗu sau uku kafin ta ce salamu alaikum.

Madogarar kuwa ta tsaya a rabin baranda, saura taku shida ta kai banɗaki. Baba ya fara tsayuwa, yana jan ƙafa yana bin katakon, in ya zo inda ya ƙare sai ya tsaya ya yi ta bugun bango. Yaya ya ɗauko wani kafinta. Mutumin na ajiye jakar kayan aikinsa Baba ya cire silifa da hagu ya wurga masa, bai same shi ba, amma saƙo ya isa. Aka kawo na biyu, shi ko kallo bai samu ba, Baba ya koma gado ya juya wa duniya baya, ya ƙi motsa jiki kwana uku.

A rana ta huɗu Auta na goge ƙasa a baranda ta jiyo Yaya a ɗakin Baba, muryarsa a dishe.

"Baba, sau biyu ka ce in kai ka a auna jininka kafin abin nan, na ce sai ranar Asabar. Asabar biyu suka wuce." Ya share fuska. "Na rasa inda zan ajiye shi ne, sai na aza wa matata. Da Auta ta yi magana, na sauke na aza mata."

Ya fito ido jajir, ya gan ta da tsumma a hannu, ya san ta ji. Ya ɗan tsaya yana sosa ƙeya.

"Ki ce wa dogon nan ya zo ya ƙarasa aikinsa. Kuma... likitar nan taki, maza ma suna zuwa?"

"Suna zuwa, Yaya."

"Tambaya kawai na yi."

Daga nan ya wuce ɗakin matarsa ya rufo ƙofa, ya daɗe bai fito ba.

Kafinta ya ƙarasa madogarar a yini biyu. Da ya buga ƙusar ƙarshe, Baba ya bi katakon tun daga gado har ƙofar banɗaki, inda ya taɓa faɗuwa, ya tsaya a kan ƙafarsa. Sannan ya kamo hannun Kafinta ya ɗora a kan katakon, ya yafito Auta ya ɗora nata a kusa, ya juya ya kalli Yaya. Yaya ya ce, "Na ji, Baba." Aka sake sa rana, wata uku.

Saura mako biyu biki, Auta na shago da hantsi tana kafa hannun wata riga, na dama a dama, na hagu a hagu. Wayarta na kan teburin keke, da muryarta a buɗe kamar da. Ta yi ƙara. Ta leƙa, ƙafarta ta tsaya cak a kan keke. Sunan da ya yi wata bakwai bai fito a fuskar wayar ba ne. Kafin ringi na farko ya ƙare ta ɗauka.

"Baba? Baba, lafiya? Ina Anti?"

Numfashi kawai take ji, mai nauyi, irin na wanda ke jan kaya. Ta miƙe tsaye, har ta fara laluben mayafi.

"Ma... ma... na."

Ta dafe teburin. "Na'am, Baba. Ina jin ka."

"Ta... ba... rau."

Daga can bayansa ta jiyo Anti tana dariya da muryar kuka, tana cewa tun safe yake gwada kalmar, ya hana kowa ya nuna masa inda tabaraun yake. Auta ta share fuska da hannun rigar mutane, abokan aikinta duk sun tsayar da kekuna suna kallon ta.

"Taɓa kanka, Baba."

Ta jiyo ɗan motsi. Sannan, a karkace amma sarai, ta ji ya ce, "Au."

An yi auren lafiya, Anti ce ma ta kai ta ɗaki tana yi mata tsiyar kantocin kicin, waɗanda duk da haka sai da suka yi mata tsawo. Baba bai koma yadda yake ba, hannun dama bai sake motsi ba, kuma akwai ranakun da Auta takan tuna ta yi kukanta, ta share, ta ci abinci. Abin da ta koya shi take gaya wa duk wanda ta ga yana cin kansa a ɓoye: kuskure yana da ciwo, amma ɓoye shi ne ke sa ya ci wanda bai ji ba bai gani ba, kuma azabtar da kai ba tuba ba ce. Ka faɗi gaskiya, ka gyara abin da hannunka ya kai, ka nemi mai taya ka ɗaukar sauran, sannan ka yi haƙuri da mutane har su huce, ka yi haƙuri da kanka. Baba ya koma kira sau goma a wuni, ita kuma ko tana tsakiyar ɗinki sai ta tsayar da keke ta ce, "Na'am, Baba."